Ranar da Aka Zuba Makullai a Yangoji

A bakin shagona na Jabi muka ƙulla cinikin, ni da Jonah Kure, kuma ko sisi bai gilma a tsakaninmu ba. Ni ina da injin Fijo da na ciro daga motar wani ɗan kwangila da ta rufta a hanyar Suleja. Bodin ya tashi daga aiki, amma injin ko ƙwarzane bai yi ba. Shi kuma Jonah yana da Fijo doguwa mai layin kujeru uku, bodi garau, injin kuwa ya gaji har sai fasinja sun sauka sun tura take tashi.

"Baba Baƙo," in ji shi, "injin ɗinka yana zaune, motana yana zaune. Mu aurar da su mana."

"To, sadakin fa?"

"Kai ne uban ango. Ka faɗa."

Na ce masa daga Litinin zuwa Asabar motarsa ce, ya yi lodinsa daga tashar Jabi zuwa Kwali, ba ruwana da abin da ya samu. Ranar Lahadi kuwa za ta shiga tsere da sunan shagona a jikin ƙofa. Gyara nawa, mai nasa.

"In na fasa shi fa?"

"Ka fasa bodi, naka ne. Ka fasa mini inji, sai mu haɗu a gaban Allah."

Ya yi dariya har yana dukan bonet. Na ɓare goro na ba shi rabi, shi ke nan.

Jonah ɗan asalin Yangoji ne, manomin doya kafin ya kama sitiyari. Hausarsa ta kasuwa ce, mota a bakinsa namiji ce, amma ban taɓa ganin hannu irin nasa a kwana ba. Mutum ne mara yawan magana, wanda mako ke yi wa nauyi. Kwana shida yana jin faɗan fasinja da rigimar canji, matarsa Rosemary da yara huɗu na jiran abin da motar za ta kawo. Ranar Lahadi kaɗai ake kiran sunansa da ƙarfi.

Tseren namu ba wani abin azo a gani ba ne. Mu ne muka zo Abuja tun tana daji: direbobin tifa, makanikai, masu walda, da ni mai sayar da kayan gyaran mota. A bayan Yangoji akwai wani wawakeken fili da kamfanin titi ya ɗebi jan ƙasa ya bari a shimfiɗe. Muka jera tsofaffin tayoyi muka yi da'ira mai kwana bakwai, ana zagaye goma. Ba a farawa sai masu coci sun fito, mu kuma mun yi azahar. Mutanen ƙauye su zo su zauna a kan tudu, mata na sayar da gasasshiyar doya da manja. Kofin ma wani tsohon murfin taya ne da muka yi wa fenti.

Dokokinmu biyu ne, kuma babu wadda aka rubuta. Ta farko, motar da kake hawa titi ita ce motar tserenka, ba a cire komai. Kafin a tashi, ciyaman ɗinmu Ilyasu, tsohon direban tifa mai ƙafa ɗaya gajeriya, zai bi motoci ɗaya bayan ɗaya. Ka danna ham ya ji, ka kunna fitila da sigina ya gani, ya leƙa ya ƙirga kujeru, ya buɗe but ya ga safaya da jak. In waifa ɗaya ta ɓace, ka koma tudu ka yi kallo.

Ta biyu kuwa ni na kawo ta, kuma har yau ina tuna yadda na ji daɗin kaina a ranar. Da can in magana ta taso, sai kowane ɗan kallo da ɗan kamasho ya ɗaga hannu, a tashi ba a yanke komai ba. Sai na ce a kawo kwanon sarki biyu, irin wanda leburori ke ɗaukar siminti. Wanda ya yarda ya jefa makullin motarsa a na dama, wanda bai yarda ba a na hagu. Sharaɗi ɗaya ne, makullin ya zama yana ta da motar da ke tsaye a filin nan. Mai mota shi ke da baki. Ni kaina ba ni da mota, na sayar da a-kori-kurata tun tuni, amma ban damu ba, don in na yi magana makullai bin bakina suke yi.

Shekara biyu motar Jonah tana ɗauke da sunan shagona, kuma a tsere uku sai ta ci biyu. Sai gwamnati ta tattaro kujerarta daga Legas ta dawo Abuja. Tireloli suka riƙa shigowa da tebura da akwatunan takardu, gidajen ma'aikata na Garki suka cika cikin wata guda, farashin komai ya tashi har na albasa. A cikin waɗanda suka zo akwai Thaddeus, babban ma'aikaci a wata ma'aikata, mutumin wajen Kafanchan da ya shekara ashirin a Legas, ya kuma yi karatu a Turai inda ya ga tsere na gaske. Wani ya ba shi labarinmu, ya zo da ƙaramar Datsun ja wadda ba ta da aikin komai sai wasa. Abokansa uku suka biyo shi.

Ba zan ɓata shi ba, mutumin kirki ne. Yana gaida kowa, yana saya wa mutane lemo. Ya shiga tsere Lahadi uku a jere, kuma duk ukun Jonah ya wuce shi da motar haya mai warin doya da daddawa.

Ranar Talatar da ta biyo baya ya zo shagona sayen filogi, ya zauna a kan benci kamar wanda ba ya sauri.

"Baba, gaskiya direbanku ya iya. Amma abin da kuke yi akwai haɗari. A ko'ina a duniya, motar tsere ana sauke mata kaya. Wa zan gani in kawo shawara?"

"Ba ka ganin kowa, oga. A nan makulli ke magana."

Sai na kwashe labarin kwanon sarki na ba shi tiryan-tiryan, ina ƙara gishiri, ina nuna masa mu ma muna da tsari ko da ba mu je Turai ba.

"Kowane makulli?" ya tambaya.

"Muddin yana ta da mota a filin."

Ya gyaɗa kai, ya ce wannan dabara ce mai kyau, wa ya ƙirƙiro ta. Na buga ƙirji na ce ga shi a gabanka. Ya sayi filoginsa ya tafi. Ni da na shekara talatin ina karanta fuskar mai saye tun kafin ya buɗe baki, ban karanta komai ba a ranar.

Aka sa mitin Lahadi ta gaba, kafin tsere. Da muka iso fili na ga motoci jere a gindin tudu, masu sheƙi, wasu da lambar gwamnati, direbobi na zaune a ciki suna jin rediyo. Har na taɓa Jonah na ce, "Ka gani, manya sun fara zuwa kallonka." Shi ma ya ji daɗi, ya ɗauko tsumma ya ƙara goge sunan shagona.

Muka zauna a gindin ɗorawa. A cikinmu tsofaffin hannu, masu mota tara ne, baƙi huɗu. Ilyasu ya ba Thaddeus dama.

Ya yi magana a natse. Ya ce yana so a halatta cire kayan titi: kujerun baya, kafet, fitilu, bamba, rediyo, safaya, gilasan gefe. Ya ce gilashin fitila in ya fashe a fili yana yanka taya, kuma mun gani da idonmu makon jiya. Ya ce soson kujera in wuta ta kama shi, direba ba ya fita. Ya ce jak da ke yawo a but zai iya fasa kan mutum in mota ta kife. Duk gaskiya ne, wannan ne abin haushin.

"Kuma ba tilas," ya ƙara. "Wanda ya so ya cire, wanda bai so ba ya bar kayansa. Kowa da zaɓinsa."

Ɗangoggo mai walda, wanda bakinsa ba ya rufuwa ko a jana'iza, ya ce, "Oga, in nauyi ne matsalar, ka fara sauke wannan tumbin. Ya fi kujerar bayan Jonah."

Aka yi dariya, har da Thaddeus, ya shafa cikinsa ya ce madam ce ta gina shi, ba shi da izinin rushewa.

Jonah bai yi dariya ba. Ya miƙe yana murza hularsa.

"Oga Thaddeus, ka ce ba tilas. In kai ka cire, ni ban cire ba, an riga an tilasta ni. Motanka yana kwana a gareji yana jiran Lahadi. Nawa gobe da asuba yana tasha, mutum bakwai za su zauna a ciki. In na cire kujera, a ina za su zauna? A cinyana?"

"Ka cire Asabar, ka mayar Litinin."

"Ka taɓa cire kujeran Fijo?"

"Ina da makanike."

"To ni ne makanike na."

Ilyasu ya dube ni, don ya san ba a rufe magana ban sa baki ba. Na kawo shawara biyu. Na ce a raba tsere gida biyu, na masu cirewa daban, na masu kayan titi daban. Ɗaya daga cikin baƙin ya ce rana ba ta isa tsere biyu, kuma kofi ɗaya ne. Na ce to wanda ya cire kujera a ɗora masa buhun yashi daidai nauyinta, an magance wuta da gilashi, nauyi kuma ya zo ɗaya. Thaddeus ya yi murmushi ya ce, "Baba, mun zo tsere ne ko dakon yashi?" A nan na gane maganar wuta rabin magana ce.

Ban damu sosai ba duk da haka. Na riga na ƙirga kawuna. Ko da Divine, ɗaya daga cikinmu, ɗan wani ɗan kwangila da ke ta washe baki ga baƙin, ya bi su, mu takwas ne su biyar.

Ilyasu ya sa aka ajiye kwanonin. Namu suka tashi ɗaya bayan ɗaya, makullai takwas suka faɗa a hagu. Divine ya jefa nasa a dama yana kallon ƙasa. Sai Thaddeus ya tashi, ya jefa na Datsun. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani, ya ce na motar madam ne, ga ta can fara. Ya ɗaga hannu, wani direba ya taho da gudu daga gindin tudu ya miƙo na uku, na motar ofis. Abokansa suka yi haka su ma, wannan uku, wannan uku, wancan biyu. Ƙarar makullin ƙarshe a cikin kwanon nan har yau tana kunnena.

"Goma sha biyu," in ji Ilyasu, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Da takwas."

Ɗangoggo ya ce wannan ai fashi ne da rana. Wani ya ce motar da ba ta taɓa shiga tsere ba ba ta da baki. Thaddeus bai ɗaga murya ba.

"Ni baƙo ne, dokarku na bi. Baba, kai ka ce mini kowane makulli, muddin yana ta da mota a filin. In ana so a gwada su, a gwada."

Duk idanu suka dawo kaina. Me zan ce? Lokacin da na kawo dokar, a cikinmu babu mai mota biyu, ko a mafarki. Ba wanda ya yi tunanin a ce mutum ɗaya makulli ɗaya, don a wurinmu abu ɗaya ne. Na laluba aljihuna na fito da makulli na biyu na motar Jonah, wanda nake ajiyewa saboda injina. Na nufi kwanon hagu.

Ilyasu ya tare ni da sandarsa. "Malam Baƙo, motar ta riga ta yi magana. Kai ka koya mana."

Na ce to a sake dokar makullin kanta. Ya ce sai an zuba makullai a kan hakan. Na dubi kwanon dama, na mayar da makullin aljihu na zauna.

A hanyar komawa, da muka wuce Gwagwalada, Jonah ya ɗan waiwayo ya dube ni.

"Baba, kai ka gaya masa?"

"Ni ne."

Ya ƙara wa motar giya. Bai sake tayar da maganar ba, ko sau ɗaya, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Lahadi ta gaba Datsun ta zo kamar an yi mata fashi: kujera ɗaya, sitiyari, sai ƙarfe tsirara. Salansar hayaƙi ma an yanke ta. Jonah ya shiga da kayansa cif. A kwana yana kamo ta, a miƙe tana barinsa kamar yana tsaye. Ya zo na huɗu. Mutanen tudu suka tashi suna kaɗe zani tun kafin a gama.

Ranar Asabar da azahar sai ga shi a shagona, lokacin da tasha ta fi cika da masu komawa ƙauye.

"Ba ni sifana sha uku."

"Jonah, lodin yamma fa?"

"Ba ni sifana, Baba."

Muka cire layi biyu na kujeru, da kafet, da bamba gaba da baya, da fitilu, da safaya. Sai la'asar sakaliya muka gama. Washegari ya zo na biyu, tazarar mota ɗaya tsakaninsa da Thaddeus, tudu ya dawo da ihu. Da aka tashi muka dawo Jabi muka fara mayarwa, magariba ta raba mu, muka ƙarasa da safe. Bai shiga layi ba sai da rana ta take, an riga an ba wani lodinsa.

Haka muka yi mako bakwai. Ya ci sau ɗaya. Ni na san abin da ke zuwa, don sana'ata ce. Notin kujera an yi shi ne a ɗaure sau ɗaya a manta da shi. Kowane mako zaren na cinyewa. A mako na huɗu biyu suka daina kamawa, muka cusa waya. A na biyar wayar fitila ta fara haɗuwa, in ya taka birki sai sigina ta kama. Na gaya masa. Ya ce ya ji.

A mako na bakwai, ranar Talata, ya taka birki a gangaren Kwali don akuya ta gilma. Kujerar tsakiya ta tsinke ta taho gaba da mata uku 'yan kasuwa a kanta. Ba wadda ta karye, amma ɗaya ta fasa leɓe a bayan kujerar direba, kwandon ƙwanta kuma ya tafi. Kafin ya dawo Jabi labari ya riga shi. Shugabannin tasha suka cire shi daga layi, suka ce sai ranar da suka girgiza kujerar da hannunsu ba ta motsa ba, kuma in aka sake ganin motar tsirara ranar Asabar, ya nemi wata tashar.

Washegari Rosemary ta zo shagona, ita da ba ta taɓa zuwa ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ƙi zama a benci.

"Baba, kai ne mai inji. Ka ce masa ya bari."

"'Yata, in na ce ya bari zai bari. Amma kin san abin da zan karɓe masa."

"Na sani. Na fi ka sani, ni nake ganin fuskarsa ranar Lahadi da safe. Ko a coci ƙafarsa tana taka totur." Ta ɗan yi murmushi, sai ya ɓace. "Amma jiya ban ɗora tukunya ba sai da na je gidan yayata. Kai da ka ɗaura auren nan, kai za ka raba."

Na ce mata zan duba. Abin da na yi shi ne na hau motar haya zuwa Garki, na nemi ofishin Thaddeus. Na jira a benci tun safe har azahar kafin a shigar da ni. Ya tashi ya tarbe ni, ya sa aka kawo lemo mai sanyi. Na gaya masa komai, har da leɓen matar. Na roƙe shi ya janye, ko ya yarda da buhun yashi.

Na ga abin ya taɓa shi.

"Baba, wallahi ban so haka ba. Amma yanzu ba ni kaɗai ba ne. Mutum shida sun riga sun yanke motocinsu, wasu sun zubar da kujerun. In ce musu su mayar? Bari in gaya maka abin da zan iya. Jonah ya zo ya tuƙa mini Datsun. Ni na gaji da shaƙar ƙurar filin nan, shi ya fi ni hannu. Zan kula da shi."

Na kawo wa Jonah saƙon ina ganin na samo mafita. Yana kwance a ƙarƙashin motar, ƙafafunsa kaɗai nake gani.

"In na ci, wa ya ci?"

"Kai mana."

"A'a. Za a ce motan oga ya ci. Direban oga." Ya turo kansa waje, fuskarsa duk baƙin mai. "Baba, kwana shida ni direban mutane ne. Wannan ya ce tsaya, wannan ya ce ka cika gudu. Ranan nan ɗaya ne ba wanda yake zaune a bayana."

"To ka samo wani bodi, ko ruɓaɓɓe ne, mu yi motar Lahadi."

"Da wane inji?"

Inji ɗaya ne, kuma tun da garin ya cika, irinsa ya fi ƙarfina.

Ya ce in kira masa Ɗangoggo. Da ya zo da injin waldarsa, Jonah ya buɗe ƙofofi huɗu, ya daidaita kujerar tsakiya a mazauninta, ya nuna ƙafafunta.

"Ka kama su da bodi. Duka. Da na baya."

Ɗangoggo ya dube shi, ya dube ni. "Ka san in na ɗora wuta a nan, sai dai a yanka? Ba sifanar da za ta sake cire ta."

"Na sani."

"Ka bari ko layi ɗaya mana, mutumina. Wa ya san gobe."

"Ka ɗora."

Ɗangoggo ya sa baƙin gilashinsa, kuma ranar ce kaɗai na ga ya yi aiki bai yi wa kowa tsiya ba. Ni ina riƙe da jiƙaƙƙen buhu ina kare soson kujera daga tartsatsi. Ƙafa takwas ya kama. Da ya gama, Jonah ya hau ya girgiza da iya ƙarfinsa, motar gaba ɗaya ta yi rawa, kujera ba ta motsa ba. Da yamma shugabannin tasha suka girgiza su ma, suka mayar da shi layi.

Na ce masa dokar ba ta hana shi shiga da kayansa ba, ko don mutanen tudu. Ya ce mutanen tudu 'yan garinsu ne, ba zai sa su zauna a rana su ga ya zo na shida ba. Ya tambaye ni ko zan karɓi injina, tun da Lahadi ta fita daga cinikin. Na ce ya riƙe. Ya sa hannu ya taɓa sunan shagona a ƙofa, ya ce wannan zai bar shi, ai fentin mai kyau ne.

Na ci gaba da zuwa Yangoji na ɗan lokaci. Cikin namu takwas, biyu suka yanke motocinsu suka koma hawan haya zuwa aiki, sauran suka janye ɗaya bayan ɗaya. Ilyasu ya ajiye muƙamin ciyaman, ya ce ba abin da ya rage da zai duba, mota ba ham ba fitila. Kafin damina ta biyu baƙin sun samu wani fili mai kwalta kusa da gari, sun kwashe tayoyinmu sun tafi da su.

In ana maganar riba, Thaddeus ya samu kofinsa, na gaske mai hannu biyu, kuma ban ji wuta ta taɓa kama kowa a cikinsu ba, wannan a ba shi. Rosemary ta samu tukunyarta a kan wuta kullum. Ni kuwa, kunya ba za ta hana ni faɗa ba, na fi kowa samu. Yawancin kujeru da fitilu da bamba da manyan nan suka cire, shagona aka kawo su, wasu ma kyauta don a rage musu tarkace a gida, ni kuma na sayar wa 'yan tasha. Da su na buɗe shago na biyu. Matan da ke gasa doya a tudu sun rasa kasuwar Lahadi. Jonah ya rasa ranarsa ɗaya. Ya shekara goma sha ɗaya yana jan motar nan tsakanin Jabi da Kwali, kuma fasinjojinsa sun ce ba su taɓa shiga motar direba mai tafiya a hankali irinsa ba.